Yadda zaka gano wa ke yanke shawarar tashi a garken dabbobi, da kunnenka da wayarka kawai

Duk dabbar da ke rayuwa a garke akwai rigimar da take fuskanta kullum ta Allah, wato yaushe za'a tashi kuma ina za'a dosa. Wata ta ƙoshi kwanciya take so, wata ƙishirwa ta dame ta, wata shayarwa take yi yunwa bata barinta ta zauna, amma dole a tafi tare tunda wadda ta ware ta zama rabon kura ko damisa. To yaya suke yi su daidaita? In ka tambayi mutane yawanci zasu ce maka ai babban namijin ne ke bada oda saura su bi, ni kuma wannan amsar nake so ka ɗan ajiye ta gefe tukuna, saboda waɗanda suka yi shekaru suna bin garkuna a Botswana da Kenya da Tanzaniya da ma nan gandun dajin Gashaka a Najeriya sun tarar sau da yawa ba haka bane, wasu ƙananan sautuka ne da ƙananan motsi da ake yi kafin a tashi suke yanke maganar, kuma yawansu ake dubawa ba girman mai yin su kaɗai ba. Ba sai kana da digiri ko mota ba kafin ka ga wannan da idonka.

Kayan aikin basu da yawa. Waya mai ɗaukar murya wadda ka cika mata caji, in da hali ka haɗa da fawa bank, sai littafi da biro don wayar tana can tana rikodin ba zaka riƙa taɓa ta ba, sai ruwan sha da hula. In kana da madubin hangen nesa madalla, in babu kar ya hana ka farawa. Abin da ya fi komai wahala a aikin nan zama ne, ka zauna awa biyu wuri ɗaya baka motsa ba kuma baka shiga WhatsApp ba, don abin da kake jira yakan faru ne cikin minti uku kuma baya sanarwa.

Ka fara da awakin ƙauye, kar ka ce sai ka je gandun daji. Amma ba kowane garke bane zai yi maka amfani, garken da yaro ke kora da sanda yaron ne ke yanke shawara ba awakin ba, haka waɗanda ke ɗaure a turke da damina. Ka jira rani bayan an kwashe amfanin gona an saki dabbobi suna yawon kansu a cikin kara da harawa, su zaka bi. Ka zaɓi garke ƙarami, kamar awaki takwas zuwa sha biyar, in sun fi haka idonka ba zai iya riƙe su ba. Ka nemi izinin masu su, ka gaya musu abin da kake yi, don mutum baƙo yana bin awaki da littafi yana rubutu kowa ya san abin da za'a fara zato. Sannan ka zauna nesa kaɗan, wurin da zasu gan ka amma su daina kula ka, in har suna ɗago kai suna kallonka to ka yi kusa da yawa, ka ja baya.

Kwanakin farko kar ka ƙirga komai, sanin su zaka yi ɗaya bayan ɗaya. Ka ba kowace suna da abin da ke jikinta, ja mai karyayyen ƙaho, baƙa mai tsagaggen kunne, mai roɗi-roɗi mai 'ya'ya biyu, tsohuwa mai dogon gemu, ka rubuta wace ce ke tunkuyin wace a wurin ci don ta nan zaka san manya da ƙanana. Daga nan ka koma kan murya, ka rufe ido in wata ta yi kuka ka cinka wace ce sannan ka buɗe ka duba. Da farko duk zaka ji su iri ɗaya, a hankali zaka fara rarrabewa, kuma ka sani su tuni suna rarrabewa, Elodie Briefer da Alan McElligott sun nuna a 2012 a Ingila cewa uwar akuya tana gane kukan ɗanta kusan shekara guda bayan an yaye shi. In baka san wa ke magana ba duk abin da zaka rubuta daga baya shirme ne, shi yasa nake cewa kar ka yi gaggawar tsallake nan.

Lokacin da ya fi muhimmanci shine ƙarshen hutu. Da tsakar rana zaka same su a kwance ƙarƙashin gawo ko tsamiya suna tuƙa, ido rabi a rufe, kunne kawai ke kaɗa ƙuda. Ka iso tun suna kwancen. Can wajen la'asar sai ka ga ɗaya ta daina tuƙa, ta miƙe da ƙafafun baya tukuna sannan na gaba, ta yi miƙa, ta yi fitsari, ta girgiza kai har kunnuwan su yi ƙara, ta yi taku biyar ko shida ta tsaya ta waiwayo. Nan fa idonka ya bar kanta ya koma kan sauran. Wata zata ɗago kai ta kalle ta ta ci gaba da tuƙarta, wata zata miƙe, ƙaramin ɗa zai yi siririn kuka uwar ta amsa masa da wani gajeren sauti baki a rufe wanda in baka kasa kunne ba ba zaka ji ba. Wani lokacin wadda ta tashin zata ga ba mai binta ta dawo ta sake kwanciya, wani lokacin kuma kafin ka ƙifta ido duk sun miƙe sun bi ta. Bambancin waɗannan biyun shine duk aikin da ya kawo ka.

Yadda zaka rubuta shi, akwai hanyoyi biyu da Jeanne Altmann ta tsara tun 1974, ita da ta yi rayuwarta tana nazarin gwaggon birai a Amboseli ta Kenya, kuma har yau da su masu bincike ke aiki. Ta farko ka saita agogo, duk bayan minti biyu ka share garken da ido daga hagu zuwa dama ka rubuta nawa ke kwance, nawa ke tsaye, kuma waɗanda ke tsayen ina suka fuskanta, gabas ko yamma ko kudu ko arewa. Ta biyu ka zaɓi dabba ɗaya ka bi ta da ido minti goma ka rubuta duk abin da ta yi da duk sautin da ta fitar, ko da wani abin kallo na faruwa a gefe kar ka ɗauke ido. Dalilin wannan takurar shine idon mutum kullum yana tafiya wurin mai hayaniya, bunsuru ya yi barbara da tunkuyi sai ka cika shafi da labarinsa, alhali tsohuwar akuyar da ta miƙe shiru ta fuskanci hanyar rijiya baka ma rubuta ta ba. Ga wanda ke neman shawarar tashi ta farkon ta fi amfani, ta biyun ka riƙa yi jefi-jefi. Wayar kuma tana gefe tana ɗauka, duk sanda wani abu ya faru ka faɗi lokacin da sunan dabbar a hankali don ya shiga rikodin ɗin.

Yanzu abin da yawancin masu farawa ke bari ya wuce su, ka rubuta yunƙurin da bai yi nasara ba kamar yadda kake rubuta wanda ya yi. Da wannan aka gano ɗaya daga cikin abubuwan ban mamaki a fannin nan, a kan kyarkeci, wato karnukan dajin nan masu manyan kunnuwa da jiki dabbare-dabbare. A yankin Okavango na Botswana, Neil Jordan da Reena Walker da abokan aikinsu sun bi garke biyar suka rubuta taro 68 irin wanda karnukan ke yi bayan sun tashi daga barci, inda suke guje-guje suna gaisawa suna lasar bakin juna. Wani taron yakan ƙare da fita farauta, wani kuma kowa ya koma ya kwanta. Da suka jera waɗanda aka fita da waɗanda ba'a fita ba sai suka ga abin da ya raba su atishawa ce, wata gajeriyar iska da suke fesowa ta hanci, in ta yi yawa ana tafiya, in ta yi kaɗan ana komawa barci. Kuma ga inda girma ya shigo, in babban namijin ko babbar macen ne suka tada taron atishawa kamar uku ta isa, in wani na ƙasa ne ya tada sai an kai kamar goma. A 2017 aka wallafa wannan. Kaga shugaba na da nauyi amma ba shi kaɗai ke da magana ba, na ƙasa ma zai iya tada garke in ya samu masu mara masa baya. Da a ce ranakun da aka fita farauta kawai suka rubuta da ba wanda zai lura da atishawar, sai a ce ƙura ce ta shiga musu hanci.

Don haka a littafinka ka ja layi huɗu, wa ya fara, sautuka nawa aka yi kuma daga bakin dabbobi nawa, nawa suka miƙe cikin minti biyar, sannan an tafi ko an fasa. Ka kula da wancan na dabbobi nawa, don sauti goma daga baki ɗaya daban yake da sauti uku daga baki uku. A hamadar Kalahari ta Afirka ta Kudu akwai wasu ƙananan dabbobi dangin tunku da ake kira miyakat, suna tonon ƙwari a garke, Christophe Bousquet da Marta Manser da David Sumpter sun nuna a 2011 cewa suna da wani kira na musamman na a matsa gaba, in ɗaya ce ta yi ba abin da ke canzawa, amma da zarar biyu, yawanci uku, sun haɗa baki sai garken gaba ɗaya ya ƙara sauri ya bar wurin, kuma ba ruwansu da ko mai kiran babba ce ko ƙarama. Kamar zaman majalisa ne da ba'a buɗe shi sai adadin mambobi ya cika. Abin da zaka nema a lissafinka kenan, wurin da abin ke yin tsalle, ƙasa da wannan adadin shiru, sama da shi kowa ya tashi.

Kar kuma ka ɗauka dole sai da murya. Herbert Prins, ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana bin ɓauna a gefen tafkin Manyara a Tanzaniya, ya lura da yamma lokacin da garke ke kwance manyan mata kan miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tsaya ta ɗaga kai ta zura ido wani ɓangare na ɗan lokaci sannan ta sake kwanciya. Da farko kamar miƙa ce kawai, amma da ya riƙa rubuta ɓangaren da kowace ta kalla sai ya ga in garken ya tashi daga baya wajen da kallon nasu ya fi karkata ake nufa. Shi yasa na ce ka rubuta gabas da yamma. Sai dai a nan ka yi taka-tsantsan da awakinka, don an gwada wannan a kansu, Daniel Sankey da Andrew King da wasu sun sa wa awaki na'ura a wuya a Namibiya, sakamakon ya fito a 2021, suka ga awakin basa nuna ɓangare kafin a tashi irin na ɓauna, kwaikwayon juna kawai suke yi, wata ta motsa na kusa da ita su bi sahu har abin ya game garken. To in ka zauna ka ga awakinka basa yin zaɓe baka yi asara ba, abin da ke akwai ka gani, ka rubuta shi haka, kar ka ƙaƙaba musu labarin kyarkeci don ya fi daɗin bayarwa.

In hannunka ya faɗa da awaki sai ka nufi Yankari a jihar Bauchi, da rani lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi ke taruwa wajen kogin Gaji. Gwaggon birai a sansanin Wikki ba sai ka neme su ba, suna nan tsakanin ɗakunan baƙi da hanyar gangarawa ruwan ɗumi, su da gadu. Ka ɓoye abinci da leda kwata-kwata, ledar da ke hannunka ma ta isa ta sa su zo su fizge, kuma da zarar sun mayar da hankali kanka nazarin ya lalace tunda kai ka zama abin da suke shawara a kai. Kar ka zura wa babban namiji ido, kar ka matsa kusa da mai goyo. Ka fito da sassafe lokacin da suka sauko daga bishiyoyin kwana suna zaune suna tsefe wa juna gashi, ka samu gefe ka zauna. Haushin maza mai ƙarfi da ihun yara masu faɗa su zasu fara cika maka kunne, ka bar su, abin da kake nema wani ɗan gurnani ne can ƙasan maƙogwaro, gajere, ɗaya ya yi wani ya amsa. Drew Rendall da Dorothy Cheney da Robert Seyfarth sun nuna a gwaggon biran Botswana cewa gurnanin da ake yi in za'a tashi daban yake da wanda mace ke yi in ta matso tana son taɓa jaririn wata, kuma biran suna jin bambancin. Kai sai ka riƙa rubuta abin da ke faruwa a daidai lokacin da aka yi kowane gurnani, da haka zaka raba su.

Sannan ka sa ido kan gefen taron. Zaka ga ɗaya ya tashi ya yi gaba kaɗan ya zauna ya juya baya, wani kuma ya tashi ya nufi wani ɓangaren daban, sauran suna tsakiya suna kallo. A cibiyar bincike ta Mpala a Kenya an sa wa gwaggon birai 25 na garke ɗaya na'urar GPS mai nuna inda kowa yake duk daƙiƙa, Ariana Strandburg-Peshkin da Margaret Crofoot da abokansu suka fitar da sakamakon a 2015, kuma abin da suka samu ya ba mutane da yawa mamaki don gwaggon biri dabba ce mai mulkin ƙarfi, babba yana ƙwace abinci yana duka, amma a maganar ina za'a dosa girman biri bai sa an fi bin sa ba, ɓangaren da ya fi yawan masu ja shi ake bi. Kuma in hanyoyin biyu basu yi nisa da juna ba, kusurwar da ke tsakaninsu bata kai kamar digiri 90 ba, sai garken ya ratsa ta tsakiya, in ta wuce haka sai a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Wannan zaka iya gwada shi da zane kawai, ka ɗiga inda taron yake ka ja kibiya ga kowane mai ja, ka rubuta birai nawa ke bayan kowace kibiya, sannan ka ja ta ƙarshe inda aka bi. Ka tuna dai biran Wikki sun saba da mutane da juji, hanyarsu ta safe wani lokacin kicin ne ke ja ta, ka rubuta wannan ma.

Dole ka koyi raba kiran a tashi da kiran a gudu, in ba haka ba lissafinka zai cakuɗe. Kiran haɗari yana da kaifi kuma ana amsa shi nan take ba shawara. Tun 1980 Seyfarth da Cheney da Peter Marler suka nuna a Amboseli cewa ƙananan biran nan dangin kirka suna da kira daban na damisa, daban na gaggafa, daban na maciji, in na damisa ne su haye bishiya, na gaggafa su kalli sama su faɗa cikin duhuwa, na maciji su miƙe da ƙafa biyu suna duba ciyawa. To in ka ga garke ya watse lokaci ɗaya ka sa masa alama daban kar ka haɗa shi da tashin shawara. Amma akwai inda abin ya haɗe, kuma a ƙasarmu aka gano shi, a gandun Gashaka Gumti da ya ratsa Taraba da Adamawa. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler na jami'ar St Andrews sun bi wasu birai masu farin tabo a hanci da ke zaune a saman itatuwa, namijin garken na da kira biyu, ɗaya kamar piyau wanda ya fi yi in akwai abin tsoro a ƙasa irin damisa, ɗaya kamar hak wanda ya fi yi wa gaggafa. Sai suka lura wani lokacin yakan jera piyau ɗaya zuwa uku ya biyo da hak kaɗan, kuma in ya yi haka mata da yara sai su kama hanya, garken ya yi tafiya mai nisa fiye da yadda ya saba, ko da ba wani abin tsoro a wurin. Kira biyu na haɗari, an jera su wani iri sun koma ma'anar mu tafi. A 2006 aka buga wannan a mujallar Nature kuma har yau ana kawo shi a duk inda ake muhawarar asalin harshe, abin takaici ɗalibanmu da yawa basu ma san a dajinmu aka yi ba. Darasin da ke ciki gare ka shine kar ka ƙirga sauti kawai, ka rubuta jerin da suka zo a kai, wanne ya riga wanne.

Giwa kuwa sai dai daga cikin mota tare da ma'aikacin gandu, kar ka kuskura ka sauka, haka ɓauna. In Allah ya sa kun tarar da su a bakin ruwa ka roƙi direba ya kashe inji. Ka duba gefen garken, Joyce Poole da ta yi shekaru a Amboseli ta bayyana yadda mace ɗaya kan koma gefe ta fuskanci inda take so a je, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana lilo da ita, tana kaɗa kunnuwa, tana wani dogon rugugi tana maimaitawa, wani lokacin ta daɗe a haka kafin sauran su kula ta, kuma ba lallai uwar garken bace. Caitlin O'Connell ta ɗauki irin wannan a wani wurin shan ruwa a gandun Etosha na Namibiya, ɗaya ta fara wata ta karɓa kafin ta farkon ta gama wata ta ɗora, sannan a tafi, a 2024 kuma ta nuna toraye ma suna yi a tsakaninsu. Matsalar ita ce wani kaso na wannan rugugin yana ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, Katy Payne ce ta fara gano haka a 1984 a wani gidan zu a Amurka, kuma makirfon ɗin waya ba zai kama shi da kyau ba. Don haka a giwa idonka ne zai yi maka aikin kunne, ka duba kaɗa kunnen da tsayuwar, in ka ga duk sun tsaya cak lokaci ɗaya kunnuwa a buɗe to wani abu suke saurare wanda kai baka ji.

Game da rikodin, iska ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. Ka sa wa wayar safa mai kauri a bakin makirfon, ka ɗora ta kan jaka ko dutse kar ka riƙe a hannu don motsin yatsa na shiga, ka sa ta yanayin jirgi kar kira ya katse maka. In ka dawo gida ka tura a kwamfuta ka buɗe da Audacity ko Raven Lite, duk kyauta ne, zasu zana maka sautin ka gan shi kamar hoto, dogo ko gajere, sama ko ƙasa, sautuka biyu da kunnenka ya ce iri ɗaya ne sai ka ga zanensu ya bambanta. Ka sa wa kowane fayil kwanan wata da wuri a ranar, in ka bari suka taru ba zaka ƙara gane su ba.

Abu ɗaya da nake roƙonka da shi, kar ka kunna wa dabbobin daji sautin da ka ɗauka ko wanda ka sauke a intanet don ka ga me zasu yi. Na san masu bincike na yi, da haka Karen McComb da Craig Packer da Anne Pusey suka nuna a gandun Serengeti na Tanzaniya a 1994 cewa zakanya tana ƙirga rurin baƙi, in ta ji murya ɗaya tana iya tunkara, in ta ji uku sai ta duba yawan 'yan uwanta tukuna. Amma su da izini suke yi, da tsari, kuma sukan bar tazara mai tsawo tsakanin gwaji don kar dabbar ta saba. Kai in ka kunna wa birai kiran damisa na ƙarya sau da yawa zasu iya daina amsa shi, ranar da ta gaske ta zo ran wani ne zai tafi. Haka jefa musu abinci don su matso, yana lalata su kuma yana lalata abin da kake son gani.

Kar ka yanke hukunci da tashi biyar ko shida, ka tara kamar talatin zuwa sama, masu nasara da marasa nasara, sannan ka raba su gida biyu ka duba me ya fi yawa a wannan gidan da babu a wancan. Ka duba ko akwai wadda in ta fara ba'a cika ƙin binta ba, ka duba ko mai shayarwa ce ta fi yawan farawa tunda ita yunwa da ƙishirwa suka fi ci, ka duba ko na safe ya bambanta da na yamma. In ka samu wani abu ka kai wa tsohon makiyayi ko maharbi ko ma'aikacin gandu ka ji ta bakinsa, Bafulatanin da ya tashi cikin shanu zai nuna maka saniyar da ke shiga gaba in za'a je mashaya da wadda ke fara kuka in an makara, ya kira maka su da suna. Ka rubuta abin da ya faɗa a shafi daban da ranar da ya faɗa, sannan ka koma garken da littafinka ka ƙirga ka ga ko lissafin ya yi daidai da maganarsa.